Tela Ya Komo Kan Kekensa



An roƙe ni in yi magana da mutanen da suka taɓa yin sana'ar ɗinki suka bari, yanzu kuma su ke so su koma. Na san suna da yawa. Wani aikin albashi ne ya janye shi, yau aikin ya ƙare. Wani fatauci ya tafi, jari ya karye. Wata kuwa aure da goyo suka ɗauke mata hankali, yanzu 'ya'ya sun tasa, ga keke can ƙuryar ɗaki an lulluɓe shi da tsohon zane. In kana cikin waɗannan, to, da kai na ke. In ke mace ce, kada ki ce ban da ke, gama duk abin da na faɗa wa namiji ke ma ya shafe ki.

Ɗinkin da na ke nufi shi ne na awo, watau mutum ya zo da kansa, ka auna shi, ka yanka, ka ɗinka masa abin da ba zai zauna wa kowa daidai ba sai shi. Wannan shi ne ɗinkin da ya ke sa a san tela, shi ne kuma ya ke kunyata shi.

Abin da ya same ni

Ni kaina na bar ɗinki shekara 14 ina aikin albashi a wani kamfani. Da aikin ya ƙare na komo gida, na kakkaɓe kekena, na kafa shi a zaure. Ba a yi kwana uku ba sai ga maƙwabcina da farar shadda yadi 5. Matarsa ta haihu, ɗan fari ne, yana son kaftani da wando na ranar suna. Na auna shi, na yanka, na ɗinka. Da ya gwada, kai ka ce a jikinsa rigar ta tsiro. Na ce a raina, "Ashe hannu bai manta ba."

Ranar suna da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, malamai suka taru. Maigida ya fito yana ta walƙiya, ya durƙusa zai gai da liman. Sai aka ji ɓarrr! Wando ya farke daga baya. Bawan Allah ya ja rigarsa ya rufe, ya zauna, bai sake motsi ba har aka shafa fatiha aka watse. Mutane suka yi kamar ba su ji ba. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Ka san abin da ya jawo wannan? Zare ne. Na buɗe tsohon gwangwanina na tarad da sauran farin zaren auduga, na ce me zai sa in je kasuwa? Ashe zafi da raɓar damuna 14 sun cinye shi. Da yamma na je ba maƙwabcina haƙuri, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, hannunka bai tsufa ba, zarenka ne ya tsufa." Ya yafe mini. Amma sai da aka yi wata shida kafin wani a unguwarmu ya sake kawo mini sabon yadi. Faci kaɗai a ke kawo mini.

Daga ran nan na gane abin da na ke so kai ma ka gane yau. Hannu ya kan komo cikin 'yan kwanaki. Abin da ya ke kayad da mai komawa shi ne kayan aiki. Sunan tela a kasuwa ya ke gyaruwa ko ya ɓaci, tun almakashi bai taɓa yadi ba.

Kasuwar da ka bari ta sake

Sana'ar nan tsohuwa ce a ƙasarmu. Kasuwar Kurmi ta Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ta ke, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A shekarar 1851 wani Bature Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya zo Kano. Ya rubuta cewa tufafin da a ke saƙawa a rina a nan ana kai su har Tambutu da Tarabulus. A lokacin nan duk abin da maɗinki ya ke bukata kusa da shi ya ke. Auduga daga gona, zare daga hannun mata masu kaɗi, saƙi daga masaƙa, shuni daga karofi, sheƙi daga mabuga. Sai 'yan abubuwa, kamar alharini, waɗanda ayari ya ke ƙetarowa da su ta hamada. Maɗinki ya san wanda ya yi kowane abu, in ya ga aibu ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

A wannan shekara ta 1851 ɗin ce kuma wani mutumin Amurka, Isaac Singer, ya sami takardar mallakar irin keken ɗinkin da ya ƙera. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kayan Turai suka yawaita a kantuna, keke ya shiga zauruka. A 1957 aka buɗe babbar masaƙa ta farko a Kaduna, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa da Gusau. Waccan ta farkon ta tsaya a 2002, da yawa daga cikin sauran su ma sun tsaya. Yau in ka shiga Kantin Kwari a Kano, mafi yawan abin da za ka gani daga ƙetare ya zo, musamman ƙasar Sin. Akwai shaddar Getzner ta ƙasar Ostiriya, akwai atamfar Vlisco ta ƙasar Holan, akwai kuma kwaikwayonsu birjik, har da suna a bakin yadi.

Ban faɗa maka wannan don ka yi baƙin ciki ba. Na faɗa maka ne don ka san yanzu ba ka san wanda ya yi kayan da za ka saya ba, shi ma bai san ka ba. Saboda haka idonka da yatsunka su ne shaidunka.

Fara da keke

Kafin ka sayi kome, duba kekenka. Keken da ya daɗe a ajiye man da ke cikinsa ya kan daskare. Ka ɗiga masa kananzir a duk inda ƙarfe ya ke gogar ƙarfe, ka juya shi ba zare har ya saki, ka goge. Sa'an nan ka sa masa man keke na ainihi. Kada ka yarda ka sa man gyaɗa, don ya kan yi danƙo ya kama ƙura, keke ya yi nauyi. Cire ƙarfen da ke ƙarƙashin allura ka share dattin da ya taru a haƙora. Duba igiyar da ke juya keke, in ta bushe ta tsattsage, sake wata. Bayan ka sa mai, ka yi ta ɗinki a kan tsumma har man ya daina fitowa, don ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata farar riga.

Kada ka raina keken ƙafa don ka ga samari da na lantarki. Ran da aka ɗauke wuta, kai kana aiki, su suna hira. In tsohon kekenka Singer ne ko Butterfly, ba ka rasa kayan gyaransa a manyan kasuwanni. Ka tafi da abin da ya lalace a hannunka, ka gwada da sabon a gaban mai kanti. Gani ya kori ji.

Kai ma ka duba kanka. In zura zare a allura ya fara yi maka wuya, je a auna idonka. Ba abin kunya ba ne tela ya sa tabarau. Kuma kada ka fara da yadin mutane. Sayi akoko ko wani yadi mai araha, ka ɗinka wa yaran gida, har hannunka ya faɗa.

Allura da zare

Allurar keke tana da lamba. Lamba 11 ko 12 ta yadi mai laushi ce marar kauri. Lamba 14 ta atamfa ce da yawancin shadda. Lamba 16 da 18 na yadi mai kauri ne, da wurin da yadi ya ninku da yawa. A jikin takardar allura za ka ga lamba biyu, kamar 90 da 14. Ta farkon kaurin allura ta ke nunawa, watau 90 kashi 9 ne cikin 10 na milimita ɗaya. Har wa yau ka lura da gindinta. Allurar keken gida gefe ɗaya na gindinta a shafe ya ke, ta manyan kekunan lantarki na shaguna kuwa a mulmule ta ke. In ka sa wadda ba ta kekenka ba, sai ya riƙa tsallake ɗinki. Allurar da ta dakushe ta kan ja zaren yadi, ta bar layi a jikin shadda wanda ba ya gyaruwa. In za ka fara babban aiki, sa sabuwa.

Zare kuwa, ka ji abin da ya yi mini. Duk tsohon da ke gwangwaninka, ka warware kamu ɗaya ka ja tsakanin hannuwanka biyu. In ya tsinke ba wuya, ba na ɗinkin riga ba ne. Sabo ma haka za ka yi masa a gaban mai kanti. Ka ɗaga shi ga haske, in ka ga ya yi gashi-gashi ko yana da ƙulli, bar shi. Zare mai launi ka goga shi da jiƙaƙƙen farin ƙyalle, in ya zuba, to, ran wanki na fari zai zuba a rigar mutum. In za ka sayi zare, tafi da ƙyallen yadin. In ba ka sami launin daidai ba, ɗauki wanda ya ɗan fi duhu, don zare in ya hau yadi ya kan yi haske. Na sama da na kwarkwaro su zama iri ɗaya, in ba haka ba ɗinki ya tattare.

Yadda za ka gane yadi

Sau da yawa mai riga shi ke zuwa da yadinsa. Amma wani ya kan ba ka kuɗi ya ce, "Kai ka fi ni sani, zaɓo mini." To, nan fa amana ta hau kanka. Ga abubuwa huɗu da za ka yi.

Na fari, ka murza gefen yadin tsakanin yatsunka. In wani farin gari ya zubo, wurin kuma ya yi lakaka, sitaci ne aka cika masa don ya yi kauri. Wanki ɗaya zai tona asirinsa.

Na biyu, ka ɗaga shi ga rana ka dubi saƙar. Mai kyau saƙarsa a matse ta ke, ba wuri mai kauri da wuri mai sirara. Atamfa kuwa ka juya bayanta. Ta ainihi launin ciki da na waje kusan ɗaya ne, ta kwaikwayo bayanta ya kan yi fari-fari.

Na uku, ka roƙi ɗan ƙyalle, ka jiƙa, ka matse shi cikin farin tsumma, ka ga ko yana zuba.

Na huɗu, ka zare 'yan zarurruka ka kai su nesa da kaya, ka sa musu ashana. Auduga ta kan ci da wuta, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi. Na roba ya kan narke ya dunƙule, ya bar wani ɗan ƙullutu mai tauri. Siliki da ulu warin gashi su ke yi. Sanin wannan yana da amfani biyu. Ba za ka biya kuɗin auduga ka karɓi roba ba, kuma za ka san zafin dutsen gugar da yadin zai ɗauka.

Ka tuna yadin auduga ya kan shige in an wanke, wani har inci ɗaya ko biyu cikin kowane yadi. Wanda za a iya jiƙawa, kamar akoko da yadin shafi, jiƙa shi ya bushe kafin ka yanka. Shadda ba a wanke ta kafin ɗinki, don mai ita sheƙinta ya saya. Sai dai ka bar rara a kalmasar hannu da ta ƙafar wando, yadda in ta shige za a iya saki.

Yadi da mita ba ɗaya ba ne

Ga wani wuri da a ke cutar wanda bai sani ba. Yadi ɗaya inci 36 ne, watau santimita 91 da 'yan kai. Mita ɗaya kuwa santimita 100 ce. In ka sayi mita 10, ka sami kusan yadi 11. In kuwa aka ce maka mita 10 aka auna maka yadi 10, an rage maka santimita 86, ya kusa yadi guda. Wannan ya isa ya hana hannun riga fita. Saboda haka ka tambaya tun da fari, "Da yadi ka ke sayarwa ko da mita?" Ka riƙa tafiya da magwajinka a aljihu, a auna a gabanka. Turmin atamfa yadi 6 ne. Kaftani da wando na babban mutum su kan ci yadi 4 zuwa 5, babbar riga da 'yar ciki da wando kuwa kamar yadi 10. Ka auna faɗin yadin kuma, don in ya cika ƙunci lissafin nan ba zai kai ba.

In za ka saya, sayi abin da zai ishe ka gaba ɗaya daga bandir ɗaya. Bandir biyu masu suna ɗaya su kan bambanta da kaɗan, ba ka gani cikin kanti, sai mai riga ya fita rana. Don haka ka fito da yadi bakin ƙofa ka dube shi da hasken Allah. Hoton da a ke aiko maka ta waya ma kada ka dogara da shi wajen launi.

Wurin saye da lokacin saye

Ka nemi mai kanti ɗaya ko biyu masu gaskiya ka riƙe su. Ka riƙa biyansu a kan lokaci. Wanda ya san za ka komo gobe ba ya son ya cuce ka yau, kuma shi ne zai ce maka, "Bar wannan, ba shi da kyau." Ke da ke ɗinki cikin gida, in aike za ki yi, ki ba ɗan aike ƙyallen yadin da tsohuwar allurar, ki rubuta abin da ki ke so a takarda. Ki shirya da mai kanti cewa abin da bai dace ba za a mayar.

Abin da ba ka rabuwa da shi, kamar farin zare da baƙi, da allura, da alli, da man keke, saye shi sari ya fi sauƙi. In jarinka bai kai ba, ku haɗa kai ku uku ko huɗu ku saya ku raba, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma abin yayi, kamar maɓallai masu ado da yadi mai zane, kada ka tara. Yayi ya kan wuce ya bar ka da kuɗinka a kwance. Kuma kada araha ta ruɗe ka, don araha ba ta ado. Zif mai araha da ya lalace a wando, kai za a zaga, ba wanda zai tuna da mai kanti.

Lokaci kuwa, ka sani in azumi ya kama kasuwa ta kan cika, kaya su yi tsada, masu kyau su ƙare. Ka yi sayayyarka tun watan Sha'aban. Ba a fafe gora ranar tafiya. In aikin hannu a ke so a wuyan babbar riga, irin su aska biyu ko aska takwas, wanda birnin Zariya ya yi suna a kai, ka sani wannan aikin makonni ne ko watanni. Ka shirya da mai yin aikin tun kafin ka sa wa mai riga rana.

Kayan mutane amana ne

Ɗinki a gida yana da daɗi, ba kuɗin haya, ga iyali kusa. Amma gida akwai hayaƙi, akwai manja, akwai yara, akwai akuya. Ka sami akwati mai murfi, kayan mutane kaɗai za su shiga. Kowane yadi ka maƙala masa takarda da sunan mai shi. Ka wanke hannu kafin ka taɓa fari. Almakashin yadi kada kowa ya yanka takarda da shi.

Ka sayi littafi. Kowa ya zo ka rubuta sunansa, da awonsa, da yawan yadin da ya kawo, da kafin alƙalamin da ya bayar, da ranar da ka sa masa. Kada ka ce ka san awon wane tun da. Wanda ka bari siriri yau ya yi tumbi. Sake auna shi. Ka tambaye shi kuma irin ɗinkin da ya ke so, don na yanzu ya bambanta da wanda ka bari. In yana da rigar da ya ke jin daɗinta, ya kawo ka gani.

In ka sa kuɗin ɗinki, ka lissafa zare da shafi da maɓalli da gawayin guga ko wuta, da kwanakin da za ka yi. Wanda bai lissafa ba ya kan yi aiki wata guda ya tarar jarinsa ya ci. Kada ka karɓi aikin da ya fi ƙarfinka don kwaɗayin kafin alƙalami. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. An daɗe ana yi wa teloli ba'a a kan abu biyu, saɓa alkawari da riƙe sauran yadi. Kai ka zama wanda ba a faɗin haka a kansa. Alkawari kaya ne. In ka gama, ka naɗe sauran ƙyallen, kome ƙanƙantarsa, ka sa cikin aljihun rigar ka miƙa wa mai ita.

Maƙwabcin nan nawa, da shekara ta kewayo ya sake kawo mini shadda ta Babbar Salla. Ya ajiye, ya dube ni, ya ce, "Malam, yaya zare?" Na buɗe akwati na miƙa masa sabo, na ce ya ja. Ya ja, ya ja, har ya shata masa yatsa bai tsinke ba. Muka yi dariya. Har yau ni ke yi masa ɗinki, da shi da yaron da aka raɗa wa suna ran nan.

To, ɗan'uwa, tashi ka yaye zanen nan daga kan keke. Gobe da safe ka ɗauki magwaji da farin tsumma da ashana, ka nufi kasuwa. Allah ya sa albarka a cikin sana'arka, ya rufa mana asiri baki ɗaya. Wassalam.